Yana gaba a maki, girarsa ta fashe, aka ce an cinye shi. Wannan adalci ne?

Telan_Fagge:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata gardama ce ta tashi a shagonmu tun shekaranjiya, har yau ta ƙi mutuwa, shi ne na ce bari in kawo ta gaban waɗanda suka fi mu sanin harkar.

Ni tela ne. In aiki ya yi mini yawa da daddare nakan jingina waya a jikin kan keke, in kunna tsofaffin damben boksin a YouTube, ina taka keke ina satar kallo. To ranar nan sai na faɗa kan karawar Lennox Lewis da Vitali Klitschko, wadda aka yi a Los Angeles a watan Yunin 2003. Wallahi sai da na ajiye rigar mutane na zuba ido. A turmi na biyu Vitali ya ɗirka wa Lewis hannun dama har ƙafafunsa suka yi rawa, dole ya rungume shi don ya samu ya dawo hayyacinsa. A turmi na uku Lewis ya rama, ya sauke masa dama a saman idon hagu, wurin ya dare. Tun daga nan jini bai tsaya ba. Kafin a gama turmi na shida, in kyamara ta matso kusa sai ka kau da kai: fatar ta rabe tana reto, kamar bakin aljihun da ƙusa ta kama aka fizga da ƙarfi. Likita ya hau ya duba, ya ce a tsaya haka. Vitali ya miƙe yana ta a'a a'a, 'yan kallo suka ɗauki ihu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, lokacin da aka tsayar, alƙalan maki uku duk Vitali suka ba, 58 da 56. Lewis kuwa haki kawai yake, ana kaɗa ƙararrawa ya zube a kan kujerarsa kamar buhu. Ranar da nauyin da bai taɓa hawa fage da shi ba ya zo, wajen kilo 116. Amma shi aka ɗaga wa hannu, ya tafi da kambunsa, bai kuma sake ba Vitali dama ba, farkon 2004 ya ce ya ajiye dambe.

Ɗinki wajen 60 aka yi wa Vitali a fuska. Ni da allura ce abincina na san tsawon da sittin ke ci in kana kama bakin wando da hannu. A ce duk wannan a kewayen ido ɗaya!

Yaron shagona ya kafe a kan cewa fuska ba ta ƙarya. Wai a kalli fuskar Lewis a kalli ta Vitali, an san wanda hannunsa ya fi nauyi, kuma mai nauyin hannu shi ya cancanci nasara. Ni kuma na ce masa to ai a 2019 Otto Wallin ya fasa wa Tyson Fury gira a Las Vegas tun turmi na uku, jini ya jiƙa masa wando har da rigar rafali, ɗinki 47 aka yi masa, amma aka bar shi ya kai turmi goma sha biyu ya ci da maki. Me ya sa aka bar wancan aka tsayar da wannan?

Tambayata biyu ce. Wanda ya fi jin ciwo a fuska, dole shi aka fi naushi da ƙarfi? Sannan adalci ne a ƙwace wa mutum nasara yana gaba, don kawai fatarsa ta ba da shi?

Sarkin_Musu:

Malam Tela, reza Lewis ya sa masa ko naushi? In naushi ne to magana ta ƙare, ka koma kan ɗinkinka kada ka sa wa mutane aljihu a baya. Ni dai ina bayan yaronka.

Koci_Sabongari:

Wa alaikumus salam. Sarkin Musu ya faɗi gaskiya ko da yake da tsiya ya faɗe ta. A dokar boksin, abin da rafali yake fara yankewa in jini ya ɓalle shi ne me ya fasa wurin. In naushi ne na halal, kuma daga baya likita ya ce ba za a iya ci gaba ba, wanda aka fasa ya faɗi, ko da shi ya ci kowane turmi. In kuwa gware aka yi da kai ba da gangan ba, sai a duba inda aka kai. In ba a cika turmi huɗu ba, wasan ya tashi a tutar babu. In an cika, sai a koma ga takardun alƙalai, wanda ke gaba shi ya ci. Haka aka yi wa Hasim Rahman da Evander Holyfield a 2002, lokacin da goshin Rahman ya yi wani ƙullutu kamar an ɗora masa gwanda saboda karon kai. A turmi na takwas aka tsayar, aka ƙirga maki, Holyfield ya ci.

Ka ga da kan Lewis ne ya fasa Vitali, da Vitali ya tafi da kambun hukumar damben duniya ta WBC a daren nan. Amma hannun dama ne, kowa ya gani. Kuma kada ka raina abin da Lewis ya yi bayan wurin ya buɗe. Sai ya riƙa neman gurbin da gangan, yana cusa masa hagu a kai, in sun rungumi juna ya ɗan dirje wurin. Koya wa yara muke yi haka: in ka ga ɓaraka, nan za ka zauna. Ka sake kallon turmi na shida, akwai wani naushi da Lewis ya ɗauko daga ƙasa ya tokare masa haɓa, da wani ne ba Vitali ba da sai an ɗauke shi ranga-ranga. Don haka kada ka ɗauka da an bari lallai Vitali ne zai ƙarasa a tsaye. Maki biyu ne tsakaninsu, kuma da sauran turmi shida.

Shi likita ba girman ciwo yake aunawa ba, gani yake dubawa. Wanda ya duba Vitali, Dokta Paul Wallace, ya bayyana cewa fatar saman idon ta sauko ta rufe masa gani, sai ya juya kai yake iya kallonsa. Mutumin da ba ya ganin ɓangaren hagu, kuma ta nan hannun daman Lewis yake zuwa, ai ka san sauran. Na Fury a kan gira yake, idon yana buɗe, jini ne kawai ke gangarowa ciki.

Kuma a nan ne aikin mai tsayar da jini yake fitowa, wanda mutane ba sa ko kallonsa. Minti ɗaya kacal yake da shi tsakanin turmi da turmi, kafin ɗan dambe ya zauna ya tashi ma bai fi daƙiƙa hamsin ba. Ya goge, ya cusa auduga mai ruwan adirenalin cikin ciwon don jijiyoyin jini su tsuke, ya danne da yatsa da iya ƙarfinsa, ya cike ramin da Vaseline. Kumburi kuma akwai wani ɗan ƙarfe mai faɗi da yake ajiyewa cikin ƙanƙara, shi yake dannawa a kai. Wanda ya yi wa Fury wannan aikin a daren nan shi ya ci masa rabin wasan.

Maman_Ilham:

Sannunku da hira. Ni boksin bai dame ni ba, maigidana ne yake kallo ni kuma ina yi masa faɗan ƙarar talabijin. Amma na yi shekaru ina aikin jinya a ɓangaren gaggawa, kuma fasasshiyar gira na gani ba adadi, daga 'yan acaɓa har yaran da suka faɗo daga kan katanga. Malam Tela, ka gaya wa yaronka fuska tana ƙarya sosai.

Ka shafa girarka yanzu da yatsa. Za ka ji ƙashi mai kaifi-kaifi, fata kuma a shimfiɗe a kansa ba wani nama a tsakani. In abu ya bugi wurin, ƙashin mutum ne da kansa yake yanka fatar daga ciki, musamman in bugun a karkace ya zo ya ja fatar. Ba ya buƙatar wani ƙarfi na a zo a gani. Ga fuska da yawan jijiyoyin jini, ɗan yanka kamar tsawon farce sai ya wanke wa mutum riga. Sau nawa ake shigo mana da yaro uwa tana kururuwa jini ya rufe masa ido, mu wanke mu ga ɗinki uku ne ya isa. Kuma mutane sun bambanta. Wani ƙashin girarsa a turo yake, wani a kwance. Wanda ya taɓa fashewa a wuri kuma, tabon ba ya komawa ƙarfin fatar asali har abada, nan zai riƙa buɗewa.

Wanda muke jin tsoro shi ne wanda aka kawo fuskarsa fes, amma yana amai, yana maimaita tambaya ɗaya, barci yana fizgarsa. Bugun da ke sumar da mutum shi ne wanda ya juya kai farat ɗaya, ƙwaƙwalwa ta girgiza a cikin ƙoƙonta, shi ya sa na haɓa da muƙamuƙi ya fi kayarwa. Irin wannan sau da yawa ko ƙwarzane ba ya bari a waje.

Batun ɗinki 60, kada ka auna da bakin wando. Ciwo mai zurfi hawa-hawa ake ɗinke shi: a fara kama naman ciki da zaren da ke narkewa da kansa, sannan a zo kan fata da zare siriri kamar gashi, a jera kusa-kusa don kada tabo ya yi muni. Kuma ciwon ba ɗaya ba ne, duka ake haɗawa a ƙirga. Kamar dai ka ƙirga da na shafi da na waje.

Ni a wurina likitan nan ya kyauta. Tsokar da ke ɗaga fatar ido a nan take, in ta lalace ido ya zauna a rufe rabi.

Telan_Fagge:

Anti, Allah Ya saka da alheri, na karanta wa yaron da ƙarfi, ya yi shiru yana shafa girarsa. Koci na ji bayaninka, amma har yanzu ban gamsu da na Fury ba. Kowa ya san an riga an tsara zai sake karawa da Deontay Wilder a watan Fabrairun 2020, kuɗi ne masu yawa a ƙasa. Da Wallin ne ke zubar da wannan jinin, kana ganin za a bar shi ya wuce turmi na shida?

Baba_Mai_Rediyo:

Ɗana Tela, tambayarka ta ƙarshe ba wanda zai rantse maka a kanta, amma ni ma zuciyata inda taka take. Mai suna ana yi masa haƙurin da ba a yi wa baƙo, wannan a ko'ina ne.

Sai dai ni da na fara bin dambe tun a rediyo, abin da aka yi wa Vitali ban sa shi cikin zalunci ba. Rashin sa'a ne. Henry Cooper na Ingila haka ya yi ta fama da wannan ciwon a rayuwarsa ta dambe. A 1963 a Wembley ya kai Muhammad Ali ƙasa da hannun hagu a ƙarshen turmi na huɗu, lokacin ana kiransa Cassius Clay, turmi na biyar Ali ya tsaga masa gira aka tsayar. Suka sake haɗuwa a 1966, girar ce dai ta sake ba da shi a turmi na shida. Wani Allah Ya ba shi haɓa mai ɗaukar duka, wani Ya ba shi fata mai tauri, wani dogon hannu. Ba wanda ya ce a rama wa gajere tsawo.

In zalunci kake nema, ga shi. Watan Yunin 1983, a Madison Square Garden da ke New York, wani yaro Billy Collins, shekararsa 21, ya yi wasa 14 ba a taɓa cin sa ba, aka haɗa shi da Luis Resto, wanda kowa ya san ba shi da wani nauyin hannu. Turmi goma aka yi. Idanun yaron nan biyu suka kumbura suka rufe, fuskar ta koma ba ta ganuwa. Da aka tashi Resto ya je gaisawa, mahaifin Collins, wanda shi ne mai horar da ɗan nasa, ya kama hannunsa ya ji ƙashin yatsu a tafinsa ta cikin safar. Ya riƙe ya ƙi saki, yana kiran jami'ai. Ashe mai horar da Resto, Panama Lewis, ya zare audugar da ke cikin safar. Idon yaron ya lalace, dambe ya ƙare masa, ko shekara ba a yi ba ya mutu a haɗarin mota. An ɗaure Resto da mai horar da shi. Bayan fiye da shekara ashirin Resto ya fito da bakinsa ya ce ba a nan abin ya tsaya ba, har bandejin hannunsa an jiƙa da garin filasta, irin wadda ake ɗaurin karaya da ita.

Kada ka ce ai da ne. A watan Janairun 2009, kafin Antonio Margarito ya fito karawa da Shane Mosley, mai horar da Mosley, Naazim Richardson, ya tsaya a kai ana naɗa masa bandeji, ya taɓa ya ji wani abu da tauri, ya ce a kwance. Aka samu ƙyalle mai sinadarin filasta. Aka sake naɗi, Mosley ya yi masa dukan kawo wuƙa, hukumar California ta ƙwace masa lasisi. Wata shida kafin nan wannan Margarito ya farfasa wa Miguel Cotto fuska har ya durƙusa a turmi na goma sha ɗaya. Ba a taɓa tabbatar da cewa ya sa wani abu a daren ba, amma Cotto ya tafi da zargin a ransa. Sai ga shi a 2010 Manny Pacquiao, wanda Margarito ya fi shi da wajen kilo takwas a daren wasan, ya karya masa ƙashin kwarmin idon dama. A 2011 Cotto ya sami Margarito a New York ya zauna a kan wannan idon har likita ya tsayar bayan turmi na tara. Ban ce komai ba.

Irin wannan ne ya sa ba a naɗa hannu sai ga jami'in hukuma da wakilin abokin karawa a tsaye, a gama jami'in ya sa hannu a kan bandejin da alƙalami.

Dan_Guramada:

Baba ya tuna mini gidan dambe. Mu ma ai kafin a shiga fili ana duba hannu, don an san abin da wasu kan cusa a ƙarƙashin zare. Kuma a wurinmu jini ba kisa ba ne. Ka fasa wa mutum baki yadda kake so, in bai kai ƙasa ba ba ka kashe shi ba. To a wannan ma'aunin Vitali bai faɗi ba, Malam Tela ka samu mai goya maka baya.

Amma ni inda nake ganin cuta a boksin, nauyi ne. Kell Brook ɗan ajin kilo 66 da ɗoriya ne, a 2016 aka tsallake da shi aji biyu ya je ya sami Gennady Golovkin a ajin kilo 72 da rabi, saboda kuɗi. Golovkin ya karya masa ƙashin idon dama, a turmi na biyar mai horar da shi ya ɗaga tawul. Aka sa masa ƙarfe a fuska. Wata takwas ya koma ajinsa, Errol Spence ya karya masa na hagu a Sheffield, garin su Brook. A ajin manya kuwa ba iyaka, da ka haura kilo 90 da ɗan abu shi ke nan, ko da wa za a iya haɗa ka. Karon farko na Wilder da Fury a 2018 kusan kilo ashirin ne tsakaninsu. Sai dai kuma abin mamaki, Wilder mai ƙafafu kamar sillen kara shi ya kai ƙaton ƙasa sau biyu. Nauyin hannu daban, nauyin jiki daban.

Sannan mu 'yan kallo ma ba mu da adalci. Da Daniel Dubois ya sa gwiwa a ƙasa a turmi na goma gaban Joe Joyce a 2020, cewa aka yi matsoraci ne, ya gudu. Naushin hagu ne kawai na zungura Joyce ya yi ta aika masa a ido ɗaya tun farkon wasa, ba wani na a zo a gani ba, ashe ƙashin ya karye. Cikin masu yi masa gori har da Billy Joe Saunders. Ba a yi wata shida ba Canelo Alvarez na Mexico ya fasa wa Saunders nasa ƙashin idon a Texas, bai fito turmi na tara ba. Shi kuwa Dubois da ya tsira da idonsa, shi ne ya zo ya shimfiɗe mana Anthony Joshua a Wembley a 2024, turmi na biyar. Ranar ban ci tuwon dare ba.

Maman_Ilham:

Ƙanena Ɗan Guramada, gara da ya durƙusa. Ƙashin da ƙwayar ido ke zaune a kansa siriri ne ƙwarai, in an danna ƙwayar da ƙarfi shi ne yake fashewa ƙasa. Wani lokaci tsokar da ke juya ido ta maƙale a tsagar, mutum ya riƙa ganin abu bibbiyu, kuncinsa da leɓensa na sama su mutu ba ya jin taɓi. Irinsu har fyace majina muke hana su, don iska tana iya bi ta karayar ta cika fatar ido ta yi suntum nan take. A ce mai wannan ya tsaya ana ƙara masa wani a kai don kada a kira shi matsoraci?

Telan_Fagge:

Na gode muku duka, Baba Allah Ya ƙara girma. Labarin yaron nan Collins ya hana ni sukuni, na je na nemo hoton fuskarsa, da na sani ban nema ba.

Na janye kalmar ƙwace a kan Lewis, naushi ya yi. Amma na sake kallon na Fury da Wallin jiya daga farko har ƙarshe, na tsayar da hoton a turmi na tara na zuƙo shi, ramin nan yatsana zai shige. Koci, kai da ka san harkar, ka kalla ka gaya mini tsakaninka da Allah ko idon nan yana gani. Yaron shago kuma ya sauya sheƙa, yanzu cewa yake ai shi dama Wilder yake nufi da ya ce nauyin hannu. Bari in tashi, mai rigar nan ya turo mini saƙo sau uku, gobe ne ɗaurin auren.